Ku Ajiye Allurar, Ku Dubi Gaɓar

Ƙannena, akwai wata ɗabi'a da muka tashi da ita, ni da ku: da mun ga kumburi sai hannunmu ya fara ƙaiƙayi. In maruru ne a matse, in ƙari ne a kira wanzami, in ya ƙi fashewa a yi masa sakiya. A jikin mutum ma wannan garaje ya sha jawo da-na-sani, balle a jikin dabbar da ba ta da bakin da za ta ce maka, "Ba nan ne ke yi mini ciwo ba." Ni na taɓa yin wannan wauta da hannuna, shi ya sa nake da bakin yi muku magana a kanta.

Kakata tana da wata mage, ruwan toka mai farin ƙirji, ana ce mata Baƙuwa, don ita ta kawo kanta gidan wata rana da damina ba tare da kowa ya gayyace ta ba. Ta haura shekara 12 tana gadin rumbu da ɗakin ajiya, ɓera bai isa ya kwana biyu a gidan ba. Ina ɗan shekara 16, wata rana da la'asar ina shafa ta, sai yatsana ya ci karo da wani abu a ƙafarta ta gaba, ta ɓangaren ciki, daidai gwiwar da ke kusa da ƙirji. Girmansa kamar ƙwan tattabara, da laushi kamar ledar da aka ɗaure da ruwa a ciki. Wurin bai yi zafi ba, bai yi ja ba, gashin lafiya lau. Na danna, ko kunne ba ta kaɗa ba.

Na ce, "Kaka, Baƙuwa ta yi maruru."

Ta ce, "Kai maigidan, rabu da ita. Abin da ba ka san kansa ba, ba ka taɓa shi."

Ban ji ba. Na bari ta fita unguwa, na ɗauki allurar ɗinkin hula na gasa a bakin murhu kamar yadda na ga masu sakiya suna yi, na sa ƙanena ya naɗe magen da zane ya danne, na soka. Ina jiran mugunya, sai ga wani ruwa garau, mai ɗan rawaya-rawaya, ba wari. Na shafo shi tsakanin babban yatsa da manuni, na buɗe, sai ya miƙe kamar yauƙin kuɓewa bai tsinke ba. Ƙarin ya sace sarai. Na wuni ina tafiya da ƙafaɗa a sama, ni likita. Mako uku bai cika ba ya dawo, har ya ɗara na da.

A lokacin wani yayanmu na unguwa da ke karatun likitan dabbobi a Samaru ya zo hutu. Na kai masa ita ina ba shi labarin bajintata. Ya saurara bai ce uffan ba. Abin da ya ba ni mamaki, bai ma fara da ƙarin ba. Ya kama ƙafar ya lanƙwasa gwiwar a hankali, ya miƙe ta. Kafin ta miƙe sosai Baƙuwa ta yi wani gurnani ta janye. Ya kama ɗaya ƙafar, wadda ba ta da ƙari, ya yi mata haka, nan ma ta yi gurnani ta janye. Ya ɗora yatsana a kan gwiwar ya ce in saurara da fatar hannuna, na ji wani ɗan gurzawa kamar ana murza yashi a cikin tsumma. Sannan ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ruwan gaɓarta ka zubar. Ka gode wa Allah allurar nan ba ta shigar mata da cuta ba, da yanzu ƙafar muke neman ceto."

Bari in bayyana muku abin da ya bayyana mini, da abin da na ƙara sani daga baya. Duk inda ƙashi biyu suka haɗu suna motsi, a gwiwa ko ƙugu ko wuyan hannu, bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, irin wanda kuke taunawa a ƙarshen ƙashin kaza. Gaɓar gaba ɗaya tana cikin wata jaka mai ƙarfi, cikin jakar kuma akwai wata siririyar fata da aikinta shi ne tsatso ruwa mai yauƙi. Ruwan nan shi ne man gaɓa, kuma shi ke ciyar da guringuntsi, don guringuntsi ba shi da hanyoyin jini nasa. A gaɓa mai lafiya ruwan kaɗan ne ƙwarai: a mage 'yan ɗigo ne, a kare ma bai cika kai mililita 1 ba. Likitoci suna gwada ingancinsa da irin abin da na yi cikin jahilci, wato su ja shi su ga ko zai miƙe santimita 2 da rabi ko fiye kafin ya tsinke. Sunan da Turawa ke kiransa da shi, sinobiya, wani likita ne mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, ya ƙirƙiro shi, kuma ana danganta kalmar da ruwan ƙwai saboda kamannin da ke tsakaninsu.

Idan shekaru suka ja, ko gaɓar ta taɓa jin rauni, guringuntsi yana lalacewa, ƙashi ya fara tsiro da 'yan ƙayoyi a gefe. Wannan shi ne amosanin gaɓa, abin da tsofaffinmu ke kuka da shi da hunturu. Gaɓar da ta ji haka sai ta ƙara yawan ruwan da take tsatsowa, matsi ya yi yawa a cikin jakar. Duk wanda ya taɓa hawan keke mai tsohuwar taya ya san abin da ke biyo baya: inda tayar ta yi rauni, nan tub zai leƙo ya yi ƙulu. Haka siririyar fatar nan take turowa ta inda jakar ta yi sanyi, ta yi 'yar jakarta a ƙarƙashin fata, ruwa ya cika ta. Sau da yawa mashigar tana aiki kamar bawul, ruwa ya shiga idan dabbar ta taka, amma ya kasa komawa. Mutane ma suna yin irinsa a bayan gwiwa. Wani likitan fiɗa na Ingila, William Morrant Baker, ya yi bayaninsa a 1877, har yau da sunansa ake kiran wannan ƙari.

To kun ga dalilin da ya sa aikina ya tashi a banza. Na kwashe ruwan da ya taru, amma idon rijiyar yana nan yana tsatsowa. Ko likita ne ya zuƙe shi da sirinji mai tsabta, yawanci cikin 'yan kwanaki ko makonni yake sake cika. Ko tiyata aka yi aka yanke jakar, a mage ya sha dawowa, domin gaɓar da ta haife shi ba ta warke ba. Shi ya sa likitoci da yawa, idan ƙarin bai hana dabbar tafiya ba, sukan ƙyale shi su mai da hankali kan ciwon gaɓar. Sai ya yi girman da yake tokare ƙafa ko yake neman fasa fata sannan a yi maganar zuƙewa ko yankewa.

Hatsarin sokawa kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙarin nan ƙofa ce zuwa cikin gaɓa. Allurar da ka gasa a murhu ka riƙe da hannun da ka gama cin gyaɗa, ta ratsa gashin da magen ta kwanta da shi a turɓaya, kai tsaye take kai ƙwayoyin cuta inda jiki ke shan wahalar kai musu yaƙi. Gaɓar da ta yi mugunya tana cin guringuntsinta cikin 'yan kwanaki, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Ka ɗauko dabbar da ke da kumburi marar zafi ka mayar da ita gurguwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga ranar nan ba ƙarin ba ne, gurnanin da ta yi ne da aka taɓa ɗaya ƙafar. Ashe ta daɗe tana fama, muna gida ɗaya ba wanda ya lura. Mage ba ta kuka da ciwo. Ƙaramar mafarauciya ce wadda ita ma ake farauta, don haka nuna rauni ba ya cikin halinta. Kuma tun da gwiwoyin biyu sukan lalace tare, ba ta ɗingishi, don ba ta da ƙafa mai lafiya da za ta jingina a kai. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin jiki, kuma a kansu take dira duk lokacin da ta sauko daga katanga. Ku lissafa dira nawa ke cikin shekara 12. A 2002 wasu likitoci a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka sun duba hotunan ƙashi na maguna 100 da suka haura shekara 12, waɗanda aka kawo asibiti don wasu dalilai daban, suka tarar 90 daga cikinsu suna da alamun lalacewar gaɓa. Mage mai shekara 12 kuwa, a lissafin da likitoci ke yi, sa'ar mutum ce mai shekara 60 da ɗoriya.

Da yayan nan ya fara yi wa Kaka tambayoyi, sai abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Yaushe rabon Baƙuwa da hawa kan rumbu? Kaka ta yi shiru ta ce tun kafin azumin bara. A ina take kwana? Da a kan akwati, yanzu a ƙasa bayan randa. Gashin bayanta ya cukurkuɗe don ta daina lanƙwasawa ta lashe shi. Faratanta sun yi tsawo sun yi kauri don ta bar kartar itace. Ta fara kashi a lungun ɗaki, har Kaka ta taɓa jifanta da muciya, alhali tsallake dokin ƙofa ne ya fara yi mata wuya. Jikoki sun ce ta yi baƙin hali, tana yakushin wanda ya ɗauke ta. Duk mun haɗa su mun kira su tsufa da lalaci. Kaka ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah Sarki, ashe ciwonmu ɗaya da ita."

Kada ku ɗauka duk kumburin da kuka gani wannan ne. Muzurun da ke yawon dare yana faɗa, idan aka cije shi, bayan kwana biyu zuwa huɗu wurin zai kumbura, ya yi zafi, ya ƙi taɓuwa, dabbar ta ƙi abinci; wannan mugunya ce, kuma tana son a buɗe a wanke, amma a hannun wanda ya iya. Akwai kuma ƙarin da ya fi kowanne ban tsoro, na ciwon daji, wanda yakan fito kusa da gaɓa ya yi kama da na ruwa, musamman a kare. Yatsa ba ya rarrabe su, ido ma haka. Likita zai aske wurin, ya wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya zuƙo kaɗan da sabuwar allura ya duba a madubin likita, ya ɗauki hoton ƙashi ya ga halin da gaɓar ke ciki, wani lokaci ya yanki ɗan nama ya aika a bincika. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa. Na san wani zai yi dariya ya ce mutum bai samu kuɗin ganin likita ba sai mage. Da gaskiyarsa, rayuwa ta yi tsada. Amma wanda ba shi da halin kai ta asibiti yana da halin ƙyale ta, kuma ƙyalewar ta fi abin da na yi sau goma.

Ku masu kiwon karnuka, naku ya ɗan bambanta, kuma na ga samari da yawa yanzu sun shiga kiwon manyan karnukan waje, wasu don gadi, wasu don sayar da 'yan kwikwiyo. Abin da za ku fi gani shi ne wani kumburi mai ruwa a kan tsinin gwiwar gaba, ta waje, a jikin ƙaton kare mai ƙuruciya. Wannan ba daga cikin gaɓa yake ba. Daɓen siminti ne ya jawo shi: kare mai kilo 40 ko 50 yana zubewa a kan gwiwarsa sau da yawa a rana, jiki sai ya yi wa kansa matashi na ruwa, kamar yadda kanta ke fitowa a hannun manomi. Maganinsa shimfiɗa ce. Tsohuwar katifa, ko buhuna da aka cusa wa tsumma, ko tabarmar roba mai kauri, in an lura da wuri sai ya sace da kansa cikin 'yan makonni. Wanda ya soke shi kuwa ya buɗe gyambon da kare zai kwanta a kansa kullum, kuma gyambon gwiwa yana da wuyar warkewa.

Ainihin ƙarin ruwan gaɓa a kare ya fi yin ɓarna inda ido ba ya gani, wato a ƙashin baya. Kowane ƙashi na gadon baya yana haɗe da maƙwabcinsa ta wasu ƙananan gaɓoɓi biyu, kowace da jakarta da ruwanta. Idan ɗaya ta turo ƙari ta ciki, ba fata zai tarar ba, laka zai tarar a cikin ramin ƙashi marar fili, ya danne ta. A irin su Great Dane da Mastiff yakan faru a wuya tun kare yana da shekara ɗaya ko biyu. Za ka ga ƙafafun baya suna tangaɗi kamar na mashayi, yana wara su, yana jan yatsu a ƙasa har saman faratan ya goge, ba ya son ɗaga kai. An ga irin wannan tangaɗin wuya a Boerboel na Afirka ta Kudu ma, wanda ya cika gidajen masu hali a garuruwanmu. A German Shepherd kuma ya fi zuwa da tsufa, a tsakiyar baya ko wajen ƙugu: kare ya riƙa shan wuya kafin ya miƙe, ya daina tsalle cikin mota, jela ta saki. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ƙarin, sai irin su na'urar MRI, kuma idan aka yi tiyata aka cire shi karnuka da yawa suna samun sauƙi sosai. Wannan aiki ne mai tsada da ba ko'ina ake yinsa ba. Amma ko ba ka kai can ba, kana iya cire sarƙar da ke wuyansa ka sa masa ɗamarar ƙirji, ka daina fizgarsa, ka daina dukansa a kan wai ya yi ƙiwa. Kuma ku daina ɗura wa ɗan kwikwiyon babban iri abinci da garin ƙashi don ya yi saurin girma ya yi kuɗi. Saurin girman nan gaɓoɓinsa ne ke biyan bashinsa.

Yanzu ga wadda nake so ku riƙe ko da kun manta da sauran. Kada ku ba mage farasitamol. Ko rabi, ko kwata. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, sai ya juya ya lalata jininta ya kasa ɗaukar iska. Dadashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya; ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saye a kemis kamar alewa, suna huda ciki su kashe ƙoda a kare da mage duka. Mafi yawan masu yin haka don tausayi suke yi, sun ga dabba tana jin jiki suka ba ta abin da su ke sha. Akwai magungunan ciwon gaɓa da aka auna don dabbobi, irin su meloxicam, wanda likita ke bayarwa gwargwadon nauyi bayan ya tabbatar ƙodar dabbar za ta ɗauka. A Amurka an amince da wata allura ta wata-wata don ciwon gaɓar mage a 2022, ta kare kuma a 2023. Ko da me za a ba ta, awon na likita ne, ba na mai kemis ba, ba kuma na abokinka da ya ce ya taɓa gwadawa ba.

Sauran abin da dabba mai ciwon gaɓa ke buƙata yana cikin gidanku, kuma kusan kyauta ne. Na farko kada ta yi ƙiba. An yi wani dogon bincike a Amurka a kan karnukan Labrador 48, aka riƙa ba rabinsu abincin da ya gaza na 'yan uwansu da kashi 25 cikin 100 tsawon rayuwarsu. Marasa ƙibar sun fi daɗewa da kusan shekara biyu, kuma amosanin gaɓa ya makara kafin ya kama su. Sai wurin kwana mai laushi da ɗumi, nesa da iskar hunturu. Kwanon ruwa da na abinci a ƙasa inda ba sai an yi tsalle ba. Ɗan motsi kullum ba tare da gudu ko dira ba, don gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take yi. Ƙarin kuma ku auna shi da zare duk mako ku ƙulla alama, in kuna da waya ku ɗauki hotonsa kusa da kwalin ashana. Ranar da ya yi tauri, ko ya yi zafi, ko ya yi saurin girma, ko dabbar ta daina taka ƙafar, ranar ba ta jira ba ce.

Mu abin da muka yi wa Baƙuwa ke nan. Yayan nan ya sa na jera tubala uku kamar matakala zuwa kan akwatin da take so, na kawo kaskon yashi marar tsayin baki na ajiye mata a lungu. Kaka ta yage tsohon bargonta biyu ta ba ta rabi, ta kuma kafa doka cewa duk jikan da ya ƙara ɗaukarta ta hammata zai gamu da muciya. Daren farko ba ta kula tubalan ba. A dare na uku na farka na gan ta a kan akwatin ta dunƙule, ƙafar mai ƙarin tana miƙe a gefe. Ta ƙara shekara biyu da wani abu a gidan, ƙarin yana nan kamar ƙwan tattabara, wani lokaci ya ɗan ƙaru da sanyi, ban sake kusantarsa da allura ba. Ɓeraye kam sun samu sarari a rumbu, sai da Kaka ta karɓo 'yar kyanwa daga maƙwabta.